WA YA AUNA MA'AUNINKA?

Nassi: Maimaitawar Shari'a 25:13-16, 1 Tarihi 23:29, 2 Korantiyawa 10:12



Wata ranar Asabar na raka mai ɗakina wata kasuwa a gefen birnin Abuja, muka sayi masara mudu goma a hannun wata mata. Da muka dawo gida, mai ɗakina ta ɗauko mudunmu na gida ta sāke aunawa kamar yadda ta saba, sai masarar ta tsaya a mudu tara da ɗan abin da bai kai rabi ba. Raina ya ɓaci. Ban jira rana ta yi sanyi ba, na koma kasuwar na faɗa wa matar nan maganganu masu zafi a gaban abokan cinikinta, har na tuna mata da ranar shari'a. Ita kuwa ta rantse mudunta daidai yake. Da dare muna zaune za mu yi addu'ar iyali, ina ta maimaita labarin, sai autarmu, wadda take sakandare, ta ce, "Baba, to wa ya ce namu mudun ne daidai?" Na buɗe baki zan amsa, na rasa abin faɗa. Shekara da shekaru muna hukunta 'yan kasuwa da kwanon nan, ba a taɓa auna shi da kome ba.

Mu masu bi mun saba jin wa'azi a kan mudun zalunci, kuma daidai ne a yi shi. Musa ya hana Isra'ilawa su riƙe duwatsun awo iri biyu a jaka, mai nauyi da marar nauyi, ko mudu iri biyu a gida, babba da ƙarami. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san ma'anar wannan ba sai an fassara masa ba: akwai mudun da ake saye da shi a hannun manomi, akwai kuma wanda ake sayar wa mai ci da shi, wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki. Annabi Amos, a sura ta 8, ya kwatanta 'yan kasuwar zamaninsa waɗanda suke ƙosawa Asabar ta wuce domin su buɗe rumfuna su rage mudu, su ƙara nauyin dutsen da suke karɓar azurfa da shi, su sayar har da sharar alkama. Ku lura, mutanen nan masu kiyaye Asabar ne. Ba su buɗe kasuwa ran hutu ba. A zamaninmu da sun kasance cikin masu zuwa sujada da wuri, masu ba da zaka a kan kari.

Amma tambayar yarinyar nan ta kai ni wani wuri dabam. Akwai mutumin da ba ya nufin cutar kowa, zuciyarsa ɗaya, amma sikelinsa ya karkace bai sani ba. Kowace safiya yana addu'a kafin ya buɗe shago, kowace rana kuma yana rage wa mutane ɗan abu kaɗan daga hakkinsu. Niyyarsa mai kyau ba ta mayar wa gwauruwa giram hamsin ɗin da ya ɓace daga kilon namanta ba. Shari'ar Allah ba ta tsaya a kan niyya kaɗai ba. Ta bukaci ma'aunin kansa ya zama cikakke, mai gaskiya.

Shi ya sa Ubangiji bai bar zancen awo a hannun kowa da kowa ba. A Fitowa 30:13, da aka umarci kowane namiji ya biya rabin shekel, an ƙayyade cewa bisa ga shekel na Wuri Mai Tsarki za a auna. Ma'ana, akwai dutse guda wanda sauran duwatsu suke komawa gare shi. Masu haƙa tsoffin kufai a ƙasar Yahuza sun tono ƙananan duwatsun awo masu rubutu a jikinsu, shekel ɗaya yana kai giram 11 da 'yan kai. A 1 Tarihi 23:29 kuma, inda Dawuda yake raba wa Lawiyawa aiki, bayan gurasar ajiyewa da garin hadaya, sai ga kula da ma'aunai na yawa da na tsawo a cikin jerin. Na karanta ayar nan sau da yawa ban tsaya a kanta ba. Ashe tsaron ma'auni aikin haikali ne, hidima ce kamar ta mawaƙa da ta matsaran ƙofa.

SALSALAR MA'AUNI

Masana awo na zamaninmu suna da ka'ida wadda ta yi kama da wannan ƙwarai. Sukan ce ba a yarda da ma'auni sai yana da salsala. Sikelin mahauci ana gwada shi da duwatsun ƙarfe na jami'in awo. Duwatsun jami'in ana kai su ɗakin gwaje-gwaje a gwada su da waɗanda suka fi su inganci. Na ɗakin gwaje-gwajen ana gwada su da ma'aunin ƙasa, na ƙasa kuma da na duniya. Kowane mataki yana da takarda, da kwanan wata, da sa hannu. In ƙugiya ɗaya ta ɓalle a sarƙar nan, duk abin da yake ƙasa da ita ya zama zato, ko da ya dace da gaskiya bisa katari.

Wannan ya tuna mini da Ezra 2:61-63. Sa'ad da aka komo daga bauta a Babila, waɗansu iyalai suka ce su zuriyar firistoci ne. Aka bincika littattafan asali, ba a sami sunayensu ba, sai aka dakatar da su daga aikin firist. Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa. Amma ba a ɗora hidimar bagade a kan "mai yiwuwa".

Kan sarƙar awo ta duniya ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙasashe 17 suka sa wa hannu a birnin Paris ran 20 ga Mayu, 1875. Daga shekarar 1889, kilo ɗaya na duniya duka wani ɗan curin ƙarfe ne mai daraja, tsawonsa da fāɗinsa wajen milimita 39, wanda aka ajiye a ƙarƙashin murafan gilashi a wani ɗakin ƙasa kusa da Paris. Sai an haɗa mabuɗai uku kafin a buɗe wurin. Aka yi masa 'yan'uwa aka rarraba wa ƙasashe. To, da aka riƙa tattaro su ana gwadawa, bayan wajen shekara ɗari, sai aka ga nauyinsu ya sha bamban da na uban gidansu da misalin kashi 50 cikin miliyan na giram ɗaya. Abin bai kai ƙwayar ƙura da ido zai kula da ita ba, amma ya hana masana barci, gama ba wanda zai iya cewa ko 'yan'uwan ne suka ƙaru, ko shi babban ne ya ragu. Ba abin da yake bisansa da za a gwada shi da shi. A ƙarshe, ran 16 ga Nuwamba, 2018, wakilan ƙasashe suka taru a Faransa suka yarda a sauke curin nan daga gadonsa. Tun daga 20 ga Mayu, 2019, kilo ya dogara ne a kan wani adadi marar sākewa da yake cikin halitta kanta, kamar yadda tun 1983 aka ɗora tsawon mita a kan saurin haske.

Ban ce masanan nan wa'azi suka je yi ba. Amma ni da na karanta labarin, Karin Magana 16:11 ce ta faɗo mini a rai, inda aka nuna cewa ma'aunin gaskiya na Ubangiji ne, duwatsun da suke cikin jakar ɗan kasuwa ma aikinsa ne. Abin da hannun mutum ya ƙera, ko an kulle shi da mabuɗi uku, yakan sāke. Sai da suka nemi abin da ba su suka kafa shi ba.

A nan gida akwai waɗanda aka ɗora wa wannan hidima, yawancinsu kuwa ofisoshinsu suna nan Abuja, muna wucewa ta gabansu ba mu sani ba. Sashen Awo da Ma'aunai na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya shi ne doka ta ba ikon duba ma'aunan ciniki, ya buga musu hatimi. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wadda aka kafa a 1971, tana da hedikwata a Wuse, ita ce kuma ta gina cibiyar awo ta ƙasa a Enugu domin ajiye ma'aunan da sauran za su riƙa komawa gare su. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta haifa, takan rufe gidajen man da aka kama famfonsu yana rage lita. Mitar wutar lantarki da take bangon gidanka, hukumar NEMSA ce take da alhakin gwada irinta kafin a kafa.

Sai wata tambaya ta biyo: shi mai gwada ma'aunin, wa ya gwada shi? Kowa yana iya yin hayar ɗaki a Garki ko Utako, ya sayi farar riga, ya buga takarda mai kan zinariya. Saboda haka ne ake da abin da ake kira tantance cancanta. A 2015, da taimakon Tarayyar Turai da hukumar raya masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kafa NiNAS a Abuja. Aikinta shi ne ta aika ƙwararru su shiga ɗakin gwaje-gwaje, su duba ma'aikatansa ko sun iya aikin, su duba na'urorinsa da takardun salsalarsu, su ga yadda ake aikin da idonsu, bisa ga ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 17025, wadda ta fara fitowa a 1999, aka sabunta ta a 2005 da 2017. Shaidar da ake bayarwa tana da iyaka: ɗakin da aka amince masa ya gwada sikeli, ba a ce an amince masa ya gwada ma'aunin zafi ba. Ba kuma ta har abada ba ce, ana dawowa a sāke dubawa. Su kansu hukumomin tantancewa, takwarorinsu na waɗansu ƙasashe sukan zo su bincike su. Ba wanda ya isa ya zama shaidan kansa.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka auna a cikinsa. Manoman da hukuncin nan ya shafa, da yawansu 'yan'uwanmu ne da muke sujada tare. Maganin da ake ba jariri, bisa ga nauyinsa ake ƙayyade shi. In sikelin asibiti ya yi ƙarya, allura ma ta yi ƙarya. Yawancin alluran rigakafi suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8, abin da yake tsaron wannan kuwa ɗan ma'aunin zafi ne a cikin firiji. Tsohuwar da na'urar awon jini ta ce mata lafiyarta ƙalau alhali jininta ya hau, za ta koma gida da murna ta ci gaba da cin gishiri.

ABIN DA TAKARDAR GASKIYA TAKE FAƊA

Wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu, wanda wannan ne aikinsa, ya nuna mini takardar shaidar gwaji guda, na yi mamakin tawali'unta. Ba ta ce na'urar cikakkiya ce ba. Ta ba da lambar na'urar, da ranar da aka gwada ta, da ma'aunin da aka gwada ta da shi. Ta rubuta abin da na'urar ta nuna, da abin da ya kamata ta nuna, da bambancin da yake tsakani. Sa'an nan ta ƙara da iyakar shakka, wato ɗakin gwajin da kansa yana cewa, "Awon namu ma yana iya kaucewa da kaza." Ɗan'uwan ya ce mini in na ga takardar da ba ta ambaci kuskure ko shakka ba, in yi hattara da ita.

Ya kuma faɗa mini abin da ya fi damunsa. Akwai masu zuwa su ce ba sa son a taɓa na'urar, takardar kawai suke so domin masu bincike suna tafe. Za su biya kuɗin gwaji cif, har da ƙari. Ya ce cikin masu wannan roƙo akwai masu sunan Yohanna da Bitrus. 'Yan'uwa, mai sa hannu a takardar gwajin da ba a yi ba ya karya doka ta tara, ya yi shaidar zur, kuma maƙwabcin da ya yi wa ita shi ne duk wanda za a auna wa magani ko abinci da na'urar nan har shekara ta zagayo. Mai saye da mai sayarwa laifinsu ɗaya. Ina roƙon dattawa su ɗauki wannan da nauyin da suke ɗaukar sauran zunuban da ake horo a kansu a ikkilisiya, gama mun iya tsawata wa yarinyar da ta yi tuntuɓe, amma injiniyan da ya sayar da sa hannunsa mukan ba shi kujerar gaba ran godiya.

A watan Afrilu na 1990 Amurka ta harba babban madubin hangen taurari mai suna Hubble zuwa sararin sama. Da hotuna suka fara isowa, sai aka ga sun yi dishi-dishi. Madubin, mai fāɗin mita 2.4, an goge shi da gwaninta irin wadda ba a cika gani ba, amma an goge shi ne ya dace da na'urar gwajin da aka harhaɗa ba daidai ba. Wani ɗan gilashi a cikinta ya goce da milimita 1.3. Kuskuren da ya fito a gefen madubin bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai ba. Abin baƙin ciki shi ne, waɗansu na'urori biyu sun nuna akwai matsala tun ana aikin, aka yi watsi da shaidarsu domin an fi amincewa da babbar. Sai a Disamba 1993 aka aika mutane sama suka yi gyara.

Haka lamirin mutum yake. Bulus ya ce wa Korantiyawa masu auna kansu da kansu, masu gwada kansu da junansu, ba su da hankali. A wani wuri kuma, 1 Korantiyawa 4:4, ya ce ko da yake bai san wani laifi a kansa ba, wannan bai baratar da shi ba, Ubangiji ne mai yi masa shari'a. Lamiri kyauta ce daga Allah, amma na'ura ce da ake aiki da ita kullum cikin ƙura da zafi, takan kuwa goce a hankali. Ma'aikacin da ya zo Abuja shekara goma da suka wuce, wanda a lokacin ba ya iya karɓar ko goro a kan fayil, yau yana karɓar ambulan yana barci lafiya. In ka tambaye shi zai ce zuciyarsa ba ta kāshe shi ba. Gaskiya ne, gama ya gwada ta da ta abokan ofis, ta kuwa yi daidai da tasu. Takardar baftismarsa tana nan cikin akwati, da kwanan wata na shekara talatin baya.

Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, an yabe su domin kowace rana suna bin Littattafai su ga ko abin da Bulus yake koya musu haka yake. Manzo ne guda a gabansu, duk da haka suka gwada shi, Ruhu Mai Tsarki kuwa bai kira wannan raini ba. Kalmar nan "kanon" da malaman tauhidi suke kiran jerin littattafan Littafi Mai Tsarki da ita, asalinta kara ne, sandan awo. A birnin da kowace kusurwa take da mai cewa shi annabi ne, iyali yana da iko, yana kuma da hakki, ya tambayi salsalar koyarwar da ake shigo masa da ita gida ta talabijin da waya: daga wa ya karɓa, wa yake bisansa da zai iya tsawata masa, kuma in an ɗora maganarsa a kan Nassi, ina ta tsaya? Haka nan mu masu tsayawa a bagade. Takardar makarantar tauhidi da ta naɗi ba su hana mu gocewa ba. Mai wa'azin da ba ya son dattawa ko majalisa su bincike shi ya riga ya yi watsi da na'urori biyun nan da suke nuna masa matsala.

Ina da roƙo ga kwamitocin da suke lura da asibitoci da ɗakunan shan magani na ikkilisiya. A zamanku na gaba, ku sa a kawo muku sikelin jarirai, da na'urar awon jini, da ma'aunin zafin firiji, ku tambayi ranar da aka gwada su ta ƙarshe, da wanda ya gwada, ku kuma nemi ganin takardar. In za ku ɗauki kamfanin gwaji, ku tambayi shaidar cancantarsa, ku karanta ku ga ko ta ƙunshi irin na'urarku. Ku sa kuɗin wannan a kasafin shekara kamar yadda kuke sa na fenti. Zumuntar mata kuma, da yake da yawa cikinku kuna awon hatsi da manja da gari, ku keɓe rana ɗaya ku zo da mudunku da kwalabenku ku zauna a kan Maimaitawar Shari'a 25.

Mudunmu na gida kuwa, ɗan'uwan nan ya ɗauke shi, ya cika shi da ruwa ya auna, ya yi haka da mudu huɗu na maƙwabtanmu. Namu ya fi su duka girma. Da mai ɗakina ta tambayi mahaifiyarta a waya, sai ta ce a hannun wani mai sayen hatsi a ƙauyenmu ta same shi tun da daɗewa. Mudun saye ne. Ɗan'uwan ya gargaɗe ni kada in ce huɗun nan ne daidai don kawai bakinsu ya zo ɗaya, tun da su ma ba a gwada su da kome ba.

Asabar ta gaba na koma kasuwar, na sami matar a rumfarta, na roƙi gafararta a gaban waɗanda na ci mutuncinta a gabansu. Ta dube ni ta ce, "Baba, ai ya wuce." Na sayi wake mudu biyar, ta ƙara mini gyara.